Nana Asma'u 'Yar Shehu da Ƙawarta A'isha

 

Makonni biyu da suka wuce, bayan sallar La'asar, wani dattijo cikin masu sayar da hatsi ya tare mu a ƙofar masallaci. Amininsa na fiye da shekara arba'in ya rasu a gida, a ƙasar Sakkwato. An bugo masa waya da hantsi, kafin ya rufe rumfa ya kai tasha har an kai mamacin makwancinsa. Ya roƙe mu mu rubuta wani abu a kan marigayin a wannan takarda ta Juma'a, don 'ya'yansa su gani su san cewa mahaifinsu yana da masoyi a Abuja. Muka amsa da sauri, kamar abin mai sauƙi ne. Da muka zauna da biro da takarda sai muka ga ba mu da abin faɗa in ban da mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, Allah ya ba mu haƙuri. Kalmomin nan gaskiya ne, amma su ne dai ake turawa a WhatsApp a kan kowa da kowa, har da wanda ba a taɓa gani ba. Kwana uku takardar tana ajiye. Wata malama cikin masu koyar da iyayenmu mata a Islamiyya ce ta ji muna kukan abin, ta ce mu je mu duba yadda Nana Asma'u ta yi da ƙawarta ta rasu. Mun duba, kuma abin da muka samu ya sa shafin tarihin magabata na wannan mako ya zama nata.

An haifi Nana Asma'u a Degel wajen shekarar 1793. Mahaifinta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haifa, ita da ɗan uwanta Hassan. A al'ada da Hassana ko Usaina za a kira ta, amma Shehu ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta riƙa kai wa Annabi (SAW) da mahaifinta abinci a kogo lokacin hijira. Maimuna ta rasu Asma'u tana ƙarama ƙwarai, sai abokan zaman mahaifiyarta suka rene ta, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Ka ga ke nan ita da Bello ba uba kaɗai suka haɗa ba, hannu ɗaya ya goya su, ko da yake ya girme ta da shekara goma sha biyu.

Degel ƙauyen malamai ne, kuma a gidan Shehu mace tana karatu kamar yadda namiji yake yi. A nan ta fara Alƙur'ani, ta shiga littattafai, har ta kai tana rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye. Tana da kamar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, a watan Fabrairun 1804. Abin da ya biyo baya kowa ya sani: Tabkin Kwatto, Tsuntsuwa inda aka yi asarar malamai da mahaddata masu yawa, yunwa, zazzaɓi, tashi daga wannan sansani zuwa wancan har aka kai Gwandu, sannan aka ci Alƙalawa a 1808. Mu da muka baro gida don neman abinci mun san ɗacin baƙunci, amma mu da mota muka zo, kuma muna komawa da salla. Su a ƙafa suka fita, da littattafai a kan dabbobi, ba su kuma koma Degel da zama ba.

A cikin wannan jama'a akwai wata yarinya, A'isha, 'yar Umaru Alkammu. Shi Umaru Alkammu babban aminin Shehu ne tun suna yawon wa'azi. Tare yaran biyu suka taso. Da suka isa aure, A'isha ta auri Muhammadu Bello, ita kuwa Asma'u a 1807 ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda shi ne babban aminin Bello, daga baya kuma ya zama Wazirinsa. To a duba wannan saƙa: Shehu da Umaru aminai, Bello da Giɗaɗo aminai, Asma'u da A'isha ƙawaye, kowace kuma tana auren aminin mijin ɗaya. Masu tarihi sun fi son maganar tuta da yaƙi, amma a ganinmu wanda bai lura da waɗannan amintaka uku ba, bai gane yadda gidan nan ya tsaya da ƙafarsa ba.

Shehu ya rasu a Sakkwato a watan Afrilun 1817, Bello ya zama Sarkin Musulmi. Asma'u ta shiga aikin tattara rubuce-rubucen mahaifinta da tsara su, aikin da ba ƙarami ba ne a zamanin da kowane littafi da hannu ake kwafarsa, takarda kuma fatake ke kawo ta ta hamada da tsada. Littafinta na farko da aka sani, Tanbihul Gafilina, da Larabci ne, ta rubuta shi a 1820, tana da shekara ashirin da bakwai.

Yanzu ga abin da ya fi jan hankalinmu, mu da muka kwana uku muna kallon farar takarda. In ka bi ayyukanta ɗaya bayan ɗaya, za ka ga mafi yawansu wani abu ne ya taso ya neme su. Ko wani ya roƙa, ko wani ya aiko da waƙa ana jiran amsa, ko baƙo ya sauka, ko fari ya yi tsanani, ko mutuwa ta shigo gida.

Misali na farko wajen 1822 ne. Gobirawa da Abzinawa sun yi gangami sun doso Sakkwato, gari ya tsure. Bello ya tsara wata gajeriyar waƙa a kan ayar nan ta Suratul Inshirah mai albishir da sauƙi a tare da tsanani. Yadda ya yi shi ne, ya ɗauki haruffan ayar ɗaya bayan ɗaya, kowane baiti ya fara da harafi guda. Haruffan goma sha huɗu ne, wanda ke shakka ya ɗauko allo ya ƙirga. Waƙar ta iso hannun Asma'u, ita ma ta mayar masa da tata da Fulatanci, baiti goma sha huɗu, a kan haruffan nan dai, tana roƙon Allah ya kawo ɗauki. A zato mutum zai ce wannan ƙa'ida ɗaure hannu ce, wa zai iya tunanin harafi alhali maƙiya suna bayan ganuwa? Amma wanda ya taɓa rubutu ya san akasin haka ne. Wanda aka ce masa rubuta abin da ka ga dama, shi ne ke kwana yana cizon biro. Wanda aka ce masa fara da wannan harafi, ka ƙare a baiti na goma sha huɗu, an riga an share masa rabin hanya. Tsarin waƙoƙin zamanin ma haka yake taimakon mai shi: a buɗe da sunan Allah da salati, a rufe da godiya da addu'a, sau da yawa kuma a saka shekarar da aka yi waƙar cikin haruffa, abin da malamai ke kira ramzi. Albarkacin ramzin nan ne yau aka san shekarun waƙoƙinta da yawa.

Misali na biyu ya fi wannan girma. Wajen 1836 Bello ya rubuta wani littafi da Larabci, Kitabun Nasiha, a kan salihan mata na tarihin Musulunci, tun daga matan Annabi (SAW) da 'ya'yansa har zuwa irin su Rabi'atul Adawiyya ta Basra da Nafisa ta Masar. Larabci kuwa malamai kaɗai ke jinsa, matan da aka yi littafin dominsu yawancinsu ba sa ji. Sai ya miƙa wa ƙanwarsa aikin ta mayar da shi waƙa. Ta yi da Fulatanci, ta kuma yi da Hausa, ita ce Tawassuli ga Mata Masu Albarka. Aikin sa kai ne na wani, ba ita ta ƙago shi ba, amma a duba abin da ya fito daga hannunta. Bayan matan Madina da Basra da Masar, sai ga matan da ta sani da idonta: matan Shehu da suka rene ta, da malamai mata na cikin jama'a irin su Joɗa Kawuri mai ilmin Alƙur'ani, da 'Yar Hindu mai sasanta mutane, da Habiba mai karantar da mata. Macen da ke daka a wani ƙauye ta ji sunan wadda ta taɓa gani a jere ɗaya da Rabi'atu. Wannan ba ƙaramin ƙarfafa gwiwa ba ne. Haka kuma tun a 1831 ta mayar da waƙar mahaifinta ta gargaɗi ga masu mulki zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, har yau almajirai da makafi suna rera ta.

Akwai kuma wani malami daga Shingiɗi, ƙasar Muritaniya ta yau, da ya biyo ta Sakkwato a hanyarsa ta zuwa hajji. Ta aika masa da waƙar maraba da Larabci, shi ma ya mayar da amsa yana yabon ilminta. Da ruwan sama ya ɗauke, ta yi waƙar roƙon ruwa. Ba za mu tsaya a kansu ba.

Dalilin da ya sa take ta mayar da abubuwa waƙa, a harshen da ake ji, shi ne 'Yan Taru. Yaƙi ya bar zawarawa da marayu da bayi da matan da ba su san ko alwala ba, bori kuma yana nan da ƙarfinsa a karkara. Matar aure mai goyo ba za ta iya baro ɗakinta ta zo Sakkwato karatu ba. Sai Asma'u ta zaɓi dattawan mata masu hankali daga garuruwa, ta naɗa kowace jaji, ta ba ta malfa da jan rawani a matsayin alama. Jaji takan jagoranci tsofaffi da 'yan mata ƙanana zuwa gidan Asma'u, su haddace waƙoƙin, su koma su koyar da na cikin gidaje. Abin da suka zo da shi na sadaka, hatsi ko zuma ko man shanu ko zare, a raba wa mabukata. Waƙa ba ta son rafta, ba ta jiƙewa a rafi, ana iya rera ta ana kaɗi ko ana surfe. Masu ɗaukar kaya daga Dawanau zuwa Zuba sun fi kowa sanin darajar kayan da ba su da nauyi kuma ba sa lalacewa a hanya.

Bello ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837, can kuma kabarinsa yake. Asma'u ta yi masa marsiyya, ta kuma sake yin wata waƙa a kan halayensa. Mutumin nan ya jagoranci yaƙe-yaƙe masu yawa, shekara guda kafin rasuwarsa ma ya yi nasara a Gawakuke. Mawaƙin fada da a nan zai baje kolinsa. Ita kuwa abin da ta tsaya a kai shi ne ilminsa, da tsoron Allah, da kyauta, da gudun tara dukiya, da tsaya wa mai rauni. Ta yi kukan rashin ɗan uwa kuma abokin shawara, wanda in ta rubuta abu shi ne mai fara gane inda ta dosa. Bayan haka ita da Giɗaɗo suka duƙufa rubuta tarihin Shehu da Bello tun waɗanda suka ga abin da idonsu ba su ƙare ba. Shi ya rubuta da Larabci, ita ta tsara tarihin hijira da yaƙe-yaƙen cikin waƙar Fulatanci, wadda ƙaninta Isa, autan Shehu, ya mayar Hausa, ita ce Waƙar Gewaye.

Daga nan mutuwa ta riƙa ɗauke mata mutane ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana yi wa kowa tasa marsiyya. Ta yi wa ɗan uwanta Buhari, ta yi wa mijinta Giɗaɗo bayan zaman aure na sama da shekara arba'in. Waɗannan manya ne, ba abin mamaki. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne sauran. Ta yi wa Halima, maƙwabciyarta, wadda ba ta da sarauta ba ta da littafi, don kawai mace ce mai kirki mai riƙon zumunci da sasanta 'yan uwa. Ta yi wa Zaharatu, wadda ake kira in haihuwa ta zo da gardama, ake kuma kira in za a yi wa mace wankan gawa, ga koyar da mata addini. Ta yi wa Hauwa'u, ɗaya daga cikin jajinta, da ta shekara da shekaru tana kai da komowa da ayarin mata a ƙafa. 'Yar Shehu, ƙanwar Sarkin Musulmi, matar Waziri, uwar Waziri, ta ɗauki alƙalami da takarda mai tsada ta rubuta sunan ungozoma don kada ya ɓace. Kuma bai ɓace ba, ga shi muna ambatonsa a Abuja bayan shekara fiye da ɗari da sittin.

A shekarar 1855, A'isha ta rasu.

Lokacin Asma'u ta haura sittin. Mahaifinta ya tafi, tagwaininta Hassan ya tafi, Bello ya tafi, Giɗaɗo ya tafi. Cikin waɗanda suka san Degel, suka taka hanyar Gudu, suka sha yunwar shekarun farko, A'isha tana cikin 'yan kaɗan da suka rage, kuma ita ce wadda ba sai an yi mata bayani ba. Duk wanda ya manyanta a baƙon wuri ya san irin wannan mutum, wanda kana ambaton sunan wata rijiya ko wata kuka ta garinku zai yi dariya tun ba ka ƙarasa ba. Waƙa ɗaya ba ta ishe ta ba, biyu ta yi, ɗaya da Fulatanci ɗaya da Larabci. Ba za mu kawo baitocin a nan ba, mai so ya nemi malaman da suka iya su. Amma ga abin da ke ciki. Ta faɗi tun yaushe suke tare. Ta faɗi yadda dare ke yi mata tsawo. Sannan ta jera ayyukan A'isha ɗaya ɗaya: yawan tilawa da nafila da sadaka, riƙon marayu, tallafa wa zawarawa, kare wanda aka zalunta, ɗaukar nauyin dangi, gyara tsakanin mutane. Ba ta tsaya a cewa mutuniyar kirki ce ba, ta faɗi wane kirki, ga wa aka yi shi.

Akwai wani wuri a marsiyyar Larabcin da ya kamata mu maza musamman mu saurara. Kamar ta san akwai masu cewa malama kamarta bai dace ta yi ta kukan mamaci ba, sai ta kare kanta da hujja. Ta nuna cewa yi wa mamaci marsiyya ba laifi ba ne, tunda cikin sahabbai akwai wanda ya yi wa Annabi (SAW) bayan wafatinsa. Ta nuna cewa hawayen tausayi da bege ba a hana su ba, abin da aka hana shi ne kururuwa da ihun jahiliyya. Wannan kuwa shi ne abin da malamanmu ke karantarwa, don Annabi (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Mu dai mun sha ganin mutum a wajen zaman makoki idonsa ya kawo ruwa, sai a yi masa caa da sai haƙuri, sai haƙuri, kamar ya yi saɓo, har ya haɗiye abin ya tashi ya koma kasuwa. Asma'u ta yarda da hukuncin Ubangiji, ta roƙa wa ƙawarta gafara da Aljanna, kuma ta yi kukanta, duka a takarda ɗaya.

Ta ƙara shekara tara bayan A'isha, tana karantarwa tana rubutu har ƙarfinta ya ƙare. Ta rasu a 1864 tana da shekara saba'in da ɗoriya, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Wadda ta yi wa mutane da yawa marsiyya, ita ma ƙaninta Isa ya yi mata. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru. Takardunta suka zauna a gidan Waziri ana gadonsu, har zamanin Waziri Junaidu, wanda ya buɗe su ga wata Baturiya 'yar Ingila da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, Jean Boyd. Ita da wata malamar jami'a daga Amurka, Beverly Mack, suka tattara ayyukan, kimanin sittin, suka buga su a littafi guda a 1997. Makarantun mata da ɗakunan kwanan ɗalibai masu sunan Nana Asma'u kuwa, a Arewa ba sa ƙirguwa.

Bayan mun gama wannan karatu muka koma rumfar dattijon nan da takardarmu. Ba mu tambaye shi ko amininsa mutumin kirki ne ba. Mun tambaye shi a ina suka haɗu, me marigayin yake yi da safe, wa yake zuwa wurinsa in ya shiga matsala. Ya yi shiru, sannan ya fara. Ashe tun da ya baro gida, marigayin ne ke kai wa tsohuwarsa cefane duk ranar kasuwa har ta bar duniya, bai taɓa karɓar ko kwabo ba, shi ne kuma ya tsaya a kan ginin ɗakinsa na gida tun daga tushe har rufi. Muna rubutawa yana share ido da hannun riga, masu sayen gero suna tsaye suna jira, ba wanda ya ce masa komai. Ta'aziyyar tana shafin baya na wannan fitowa, ya kuma ce a ajiye masa kwafi biyar zai aika gida da direban da ke tashi ranar Lahadi.

Allah ya jiƙan Nana Asma'u da A'isha da aminin ɗan uwanmu, da iyayenmu da malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya sa mu cika da imani. Amin. Juma'a mai albarka.